Waya Ta Lambu Ce, Danga Ta Gida

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Bichi da Makoɗa, ya san cewa a wannan yanki ƙasa ba ta hutawa. Gona na manne da gona, gida na kallon gida. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kan cunkoson karkarar Kano da yadda ake noma kowane taku duk shekara. A irin wannan wuri shinge ba ƙawa ba ne, kuma tambayar da magidanta ke yi yanzu, wato ko a sayi wayar raga ko a ci gaba da danga, tana da nauyi.

Katako dai a ajiye shi gefe. Yawanci daga kudu ake kawo shi, a saya da tsada a 'Yan Katako, a kafa a ƙasa gara ta yi walima. Zaɓin gaskiya tsakanin waya ne da dangar kara ko zana a kan turaku. Kuma kafin a yi maganar kuɗi sai a tambaya: me ake son shingen ya tare? Dabba ko ido?

Waya gwana ce wajen tare dabba. Da zarar an gama girbi aka saki awaki da tumaki, duk wani kore ya shiga uku. Akuya na cin dangar kanta, ta zare kara ɗaya-ɗaya har ta buɗe kafa ta shige. Waya ba ta ciwuwa, ba ta kama wuta, tana barin iska da rana su ratsa, abin da zogale, yakuwa da ɗan itacen mangwaro suke so ke nan. To amma ido fa? Gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan sutura. Zaure, ƙofar gida da shigifa duk don kada baƙo ya hango tsakar gida aka yi su. A can mata ke daka, suna wanki, suna shanya, nan ne kuma makewayi. Maigidan da ya kewaye wannan wuri da raga bai kewaye komai ba. Ba za a yi mako guda ba sai an fara rataya tsofaffin buhuna da tabarmi a jikinta, a koma gidan jiya bayan an kashe kuɗi.

Masu goyon bayan waya za su ce danga cin kuɗi ce a hankali, kuma suna da hujja. Karan dawa yanzu ba shara ba ne: abincin dabbobi ne da rani, makamashi ne a murhu, ana kuma sayar da shi dami-dami. Danga kan so gyara kusan kowace shekara, guguwar farkon damina na kwantar da ita, da hunturu kuwa tartsatsi ɗaya ya isa ya haɗa gida uku. Ba wanda zai musa. Sai dai mafi yawan wannan ɓarna daga yadda ake kafawa take zuwa. Turken darbejiya ya fi jure gara, balle idan an babbake gindinsa ko an shafa masa baƙin mai. Idan an ɗaga karan kaɗan daga ƙasa, aka ɗaure shi tamau da tanka biyu ko uku, aka nisanta murhu da rumbu daga jikinsa, rayuwarsa na ƙaruwa. Ita ma wayar ba ta har abada ba ce. Siririya mai araha tsatsa ke cin gindinta, musamman inda fitsarin dabba ke sauka, ga kuma 'yan jari-bola marasa tsoron Allah da ke iya naɗe ta dare ɗaya. Araha ba ta ado. Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen waya ya duba kaurinta kafin ya tambayi farashi, ya kuma lissafa da ƙarfen tsayarwa da siminti.

Akwai kuma abin da kakanni suka sani muka yi sakaci da shi: shinge mai rai. Aguwa da cini-da-zugu dabba ba ta cika cin su ba, reshe kawai ake yanka a dasa ya kama. Amma 'ya'yan cini-da-zugu guba ne, ruwan aguwa kuma na cutar ido, don haka wurinsu iyakar gona ne da bayan gida, nesa da inda yara ke wasa.

Saboda haka, mai ɗan kuɗi a hannu ya sa wayarsa a lambu da garke, inda za ta biya kanta. Tsakar gida kuwa a bar mata danga ko zana mai kauri, har Allah Ya hore a ɗora katanga, ko da gefe ɗaya ne a shekara.