Jijiyoyin da Ke Kumbura a Ƙafa: Ba Mataccen Jini Ba Ne

Matar da ta haifi uku ko huɗu, tela, mai shayi, malamin da ke wuni tsaye gaban allo: a cikinsu ba a rasa wanda jijiyoyi suka taso masa a sharaɓa, sun murɗe, sun yi shuɗi-shuɗi, ƙafar ta yi nauyi da yamma. Kowa kuma da fassarar da yake ba abin.

Wadda ta fi yawo, kuma ta fi ba ni tsoro, ita ce wai mataccen jini ne ya taru, sai wanzami ya yi tsaga ko ƙaho ya zuƙe shi. Ba haka ba ne. Jinin nan rayayye ne, hanyarsa ce ta samu matsala. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, kamar bawul ɗin tayar keke. Idan suka saki, jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiyar ta buɗe ta murɗe. Ƙaho ba ya gyara ƙofar da ta saki. Aska kuwa a kan irin wannan jijiya ganganci ne, domin bangonta ya yi siriri kuma jinin cikinta a matse yake. Tana iya ɓallewa da zubar jini mai yawa, ko wurin ya zama gyambon da zai ɗauki watanni bai warke ba. Idan ta fashe da kanta, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti.

Ana cewa ciwon mata ne. Akwai ƙamshin gaskiya, don juna biyu na ƙara yawan jini a jiki, sinadaran ciki na sassauta bangon jijiya, mahaifa kuma na danne manyan jijiyoyin ƙugu. Sau da yawa abin kan lafa 'yan watanni bayan haihuwa. Amma maza ba su tsira ba. Binciken da aka yi a Edinbara ta Sikotilan, aka buga a 1999, ya same shi a kashi 40 cikin 100 na maza da kashi 32 na mata. Wando da doguwar riga ne ke rufa wa maza asiri.

Ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ba ya kawo ciwon, sanyi ma haka. Cikin abubuwan da ke kawo shi, gado ne kan gaba, sai shekaru, ƙiba da doguwar tsayuwa. Masu cewa a daina tafiya a huta sun juya maganar, domin naman sharaɓa ne ke tura jini sama duk lokacin da aka taka.

Ƙananan jijiyoyin nan ja ko shuɗi masu kama da saƙar gizo-gizo, waɗanda kaurinsu bai kai milimita 1 ba, yawanci ba su da illa sai ta gani. Manyan ne ake sa wa ido. Ƙaiƙayi da baƙin fata kusa da idon sawu, kumburi, ko miki da ya wuce mako 2 bai rufe ba, duk na buƙatar likita ya duba jijiyoyin da na'urar sikanin. Ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi kuwa, wannan na gaggawa ne, don yana iya zama gudan jini a jijiyar can ciki.

Man shafawar da ake tallatawa ba ya mayar da jijiya yadda take. Safar asibiti mai matse ƙafa da ɗaga ƙafa kan matashi suna rage nauyi da kumburi, amma ba sa kawar da ciwon. Abin da ke kawar da shi shi ne rufe jijiyar da ta lalace. Hukumar NICE ta Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2013, ta sa ƙona ta daga ciki da zafin leza ko makamancinsa a farko, sai allurar kumfa mai liƙe ta, tiyatar zare ta a ƙarshe. Mai fargabar jini zai rasa hanya ya kwantar da hankalinsa: jijiyoyin can cikin nama ne ke ɗaukar kusan kashi 90 na jinin ƙafa. Sai dai wata jijiyar na iya tasowa bayan shekaru, don haka a tambayi likita wannan tun kafin a biya kuɗin aiki.