Tsagewar Gilashin Waya: Yadda Siffar Tsaga Ke Nuna Abin da Ya Jawo Ta

A yankin Funtua da Malumfashi waya tana shan wahala. Tana zuwa gona da masussuka, tana shiga cunkoson kasuwar hatsi ta Dandume, tana hawa babur daga Bakori zuwa Danja a aljihun wando. Shi ya sa masu gyaran waya suka saba jin ƙorafi ɗaya: ba ta faɗi ba, kawai an wayi gari an ga sikirin ya tsage. Sai a sauya gilashi da kuɗi mai yawa, bayan ƴan makonni sabon ma ya tsage.

Gilashi ba ya tsagewa haka kawai, kuma kowace tsaga tana ɗauke da shaidar abin da ya haifar da ita. Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne masu narka gilashi a tanderu, don haka daga wajensu ya kamata a fara.

Darasi daga tanderu

Akwai sana'ar haɗa gilashi da gilashi ta hanyar narkawa, a yi faranti ko kayan ado. A Najeriya, unguwar Masaga da ke Bida a Jihar Neja ta shahara wajen narka kwalabe a yi duwatsun wuya da awarwaro. A tanderun lantarki na zamani kuwa, ana kai zafi kusan digiri 800 a ma'aunin Salshiyas kafin gilasai biyu su zama ɗaya.

Abubuwa uku ne suka fi tsaga irin wannan aiki. Na farko, saurin hawa ko saukar zafi: waje ya buɗe ko ya tsuke kafin ciki ya biyo shi. Na biyu, rashin ba gilashin lokacin hucewa. Kamfanin Bullseye na Amurka, misali, yana ba da shawarar a tsayar da gilashinsa mai kaurin milimita 6 a digiri 482 na tsawon awa ɗaya kafin a ci gaba da sauke zafi a hankali. Idan aka tsallake wannan mataki, gilashin zai fito lafiya lau a ido, amma da ɗaurin ƙarfi a cikinsa, ya zo ya fashe bayan kwanaki. Na uku, haɗa gilasai biyu da yanayin buɗewarsu a zafi ya bambanta, ɗaya yana jan ɗaya har su rabu.

Mai wannan sana'a yana duba bakin tsagar. Idan ya yi santsi, to tun wajen hawan zafi ta faru, wuta ta lashe kaifin. Idan yana da kaifi, wajen hucewa ne. Da haka yake sanin abin da zai gyara a zubi na gaba.

Yadda aka ƙera gilashin waya

Gilashi yana jure matsi sosai, amma ba ya jure ja. Tun a farkon shekarun 1920 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya nuna cewa ƙananan ƙarzuna da ido ba ya gani ne ke raunana shi, domin duk ƙarfin ja yana taruwa ne a bakin ƙarzunan.

Maganin da kamfanoni suka samo shi ne matse fatar gilashin tun daga masana'anta. Gorilla Glass na kamfanin Corning, wanda ya yi suna tun fitowar iPhone ta farko a 2007, ana tsoma shi ne cikin narkakken gishirin fotashiyam mai zafin kusan digiri 400. Ƙananan ƙwayoyin sodiyam su fita, manyan ƙwayoyin fotashiyam su shiga gurbinsu, sai fatar ta danƙare kamar buhun masarar da aka cika aka ɗinke. Sai dai wannan fata siririya ce ƙwarai, kwatankwacin kaurin silin gashi. Da zarar ƙarzuwa ta huda ta, ta isa cikin gilashin inda ja yake, tsaga na iya gudu ko da ba a taɓa wayar ba.

A nan ƙurar hunturu da yashin gona ke shigowa. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, gilashin waya yana wajen 6, shi kuwa ma'adinin da ya fi yawa a yashi yana da 7. Ƙwayar yashi guda a aljihu ta fi makulli illa ga sikirin. Rubutun 9H da ake gani a kwalin gilashin kariya kuwa ma'aunin taurin fensir ne, ba ya nufin yashi ba zai ƙarce shi ba.

Siffofin tsaga huɗu

Tsaga mai kama da saƙar gizo-gizo, wadda layukanta suka fito daga wuri guda, bugu ne ya jawo ta. Inda layukan suka haɗu nan ne wayar ta daki dutse ko siminti, galibi a kusurwa.

Dogon layi guda da ya ratsa faɗin sikirin ba tare da alamar bugu ba yana nuna lanƙwasawa. Wannan shi ne ciwon masu sa waya a aljihun baya su hau babur, ko masu jingina buhu a cinya alhali waya na aljihun gaba. Idan jikin wayar ya riga ya lanƙwashe, duk gilashin da aka ɗora masa zai sake tsagewa. Ana gane haka ta hanyar kifa ta a kan tebur mai laushin fuska a ga ko tana rawa.

Tsagar da ta taso daga gefe a miƙe, sannan ta riƙa karkacewa kamar hanyar ruwa, tana nuna canjin zafi ba zato. Irinta ce ke fasa ƙwan fitila idan ɗigon ruwa ya taɓa shi yana da zafi. Gilashin waya mai lafiya yana jure wannan, amma wanda gefensa ya ɓantare ba shi da wannan ƙarfin. Farantin sola na famfon noman rani ma haka yake, shi ya sa ake wanke shi da sassafe ko da yamma maimakon tsakar rana.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari: sikirin ya ɗago daga jikin waya, ko murfin baya ya yi tudu, sannan tsaga ta biyo. Batir ne ya kumbura yana turo gilashin daga ciki. Zafin bazara na watannin Maris da Afrilu, barin waya a gaban mota cikin rana, da caja marar inganci duk suna gaggauta wannan. Kamfanin Apple ya ƙayyade digiri 0 zuwa 35 a matsayin zafin da ya dace a yi aiki da iPhone, alhali a bazara zafin yankin kan wuce haka. Wayar da batirinta ya kumbura a daina yi mata caji nan take, kada a danne ta, kada a huda batirin, domin yana iya kamawa da wuta.

Kafin a biya kuɗin gyara

Abu na farko shi ne tabbatar da abin da ya tsage. Sau da yawa gilashin kariya ne kawai, idan aka ɓare shi sai a tarar da sikirin lafiya. Idan na wayar ne amma hoto na fita tsaf kuma yatsa na aiki ko'ina, gilashin sama ne ya tafi, kuma masu injin raba sikirin, irin waɗanda ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano, kan iya sauya shi kaɗai. Idan kuwa akwai baƙin tabo kamar tawada ya zube ko layuka masu launi, allon hoton ne ya lalace, sai an sauya duka.

Man goge baki da ake yayatawa a TikTok ba ya haɗa tsaga, sufa-gulu kuma kan malala cikin lasifika da kyamara ya ƙara ɓarna. Abin da ke da amfani kafin a je shago shi ne a manna gilashin kariya ko farin salatif a kan tsagar don kada ta yanki yatsa ko ƙura ta shiga, sannan a kwafe hotuna da lambobi zuwa wani wuri.

A shago kuwa, mai waya ya nemi a duba masa abu uku kafin a ɗora sabon sikirin: miƙewar jikin wayar, lafiyar batir, da ko an share ɓurɓushin tsohon gilashi da gam daga gefuna. Ɓurɓushi guda da ya maƙale a ƙarƙashin sabon gilashi ya isa ya tsaga shi. Bayan gyara, rigar waya mai tudun baki a kusurwoyi, aljihun da babu yashi a ciki, da inuwa a lokacin caji sun fi kowane gilashin kariya mai tsada tsawaita kwanan sikirin.