GARDAMAR ZAKIRAI: WANE NE SARKIN DAMBEN DUNIYA?

Cikin watan jiya muka fita rangadin makarantu a ƙasar Gabasawa, muka yada zango a Zakirai. Lokacin kuwa an gama yankan gero, dawa ta sunkuya, gyaɗa tana shanye a gonaki. Wanda ya san wannan yanki ya san babu daji tsakanin gari da gari, gona ce ta kama gona, in aka buga kalangu da dare a ƙauye guda sai ƙauyuka biyar su ji. Bayan mun gama duba rajista da littattafan yara, muka zauna gindin darbejiya muna shan iska, sai waɗansu malamai biyu suka ɗauko wata gardama wadda ashe sun fi mako suna yinta, suka ce lalle sai mun raba su.

Na ɗaya ya ce cikin shekarar 2018 Anthony Joshua, wanda iyayensa ke da asali a Shagamu, shi ne sarkin damben duniya na masu nauyi, gama kambu uku ne a hannunsa. Na biyu ya ce ko kusa, Tyson Fury ne, ko da yake a shekaran nan ba shi da kambu ko ɗaya, domin shi ya buge Wladimir Klitschko cikin 2015, kuma ba a sami wanda ya buge shi ba.

Da fari mun ɗauka hira ce ta masu neman yini ya wuce. Sai da hedimasta ya sa baki muka gane ashe maganar ba ta Turai ba ce, ta gida ce. Akwai wani bahagon ɗan dambe a wani ƙauye gabas da gari, wanda ya yi kaka huɗu ba a kai shi ƙasa ba. Ya tafi cin rani Ikko, ya zarce shekara biyu. A bayansa waɗansu samari biyu suka kara, wanda ya yi kisa aka ba shi kyauta, makaɗa suka koma kansa. To, bana bahagon ya komo, mutanen ƙauyensu suka ce filin nasu ne har yanzu, mutanen ƙauyen saurayin suka ce wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Abin har ya shigo makaranta, yaran aji shida suka rabu biyu, sau biyu ana raba faɗa a bakin rijiya. Malaman nan kuwa kowa ɗan ƙauye guda ne, sai suka ari Joshua da Fury suna yin gardamar gida da sunansu. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗa wa masu karatu abin da muka sani game da wannan al'amari, tun da yake ba Zakirai kaɗai ake irin wannan ba.

Masana damben Turawa suna da wata ƙa'ida wadda ba a rubuce take cikin dokar kowace hukuma ba. Suka ce sarautar dambe ba ta fita hannun mutum sai a fage, watau sarki shi ne wanda ya buge sarki. In ana so a san mai ita yau, sai a bi salsala daki daki har a kai ga na farko, kamar yadda muke koya wa yara jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Na farkon da suke farawa da shi shi ne John L. Sullivan na Amurka. James Corbett ya buge shi cikin 1892, Bob Fitzsimmons ya buge Corbett cikin 1897, sa'an nan James Jeffries ya buge Fitzsimmons cikin 1899. Har nan igiya ba ta tsinke ba.

Cikin 1905 sai Jeffries ya ce ya bar dambe, ya koma gona, ba wanda ya taɓa buge shi. Aka haɗa Marvin Hart da Jack Root, shi Jeffries da kansa ya yi alƙalanci, Hart ya ci. Tommy Burns ya karɓe daga Hart cikin 1906, daga nan Jack Johnson, baƙar fata, ya bi Burns har birnin Sidni na Ostareliya ya buge shi a ƙarshen 1908. Nan fa Turawan Amurka da yawa suka tuna da salsala. Suka ce ai Johnson bai buge sarki ba, sarki yana gona. Ba son gaskiya ya sa su faɗin haka ba, ƙin baƙar fata ne, amma hujjar da suka kama hujja ce. Suka yi ta lallashin Jeffries har ya komo, aka kara a Reno ran 4 ga Yuli 1910, Johnson ya gama da shi a turmi na 15. Tarzoma ta tashi a garuruwa da dama na Amurka har aka yi asarar rayuka, amma daga ran nan ba a ƙara musun ko wane ne sarki ba. Mai karatu ya lura, wannan labari shi ne na bahagon Zakirai, bambancinsa kawai girman fage.

Haka aka yi da Joe Louis, wanda ya riƙe sarautar daga 1937 zuwa 1949, ya kare ta sau 25, ya ajiye, sa'an nan ya komo cikin 1950 Ezzard Charles ya buge shi. Amma ba kullum ake samun wannan sa'a ba. Gene Tunney ya ajiye cikin 1928 bai komo ba. Rocky Marciano ya ajiye cikin 1956 bayan ya yi dambe 49 bai faɗi ko ɗaya ba, shi ma bai komo ba. Lennox Lewis ya yi haka cikin 2004. A duk waɗannan wurare igiya ta tsinke, sai dai aka ƙulla ta da shawara, aka ce in manyan biyu da suka rage suka kara, wanda ya ci shi ne magaji. To, wa zai faɗi manyan biyun? A nan ne masu salsala su kansu suke rabuwa. Bayan Lewis, waɗansu suna ƙirga Klitschko daga 2009, waɗansu suka ce sai daga baya. Muka gaya wa malami na biyu, igiyar nan da yake riƙo da ita mai ƙulli ce, kada ya ce daga Sullivan zuwa Fury zare guda ne miƙaƙƙe.

Shi kuwa malami na ɗaya, mai ƙirga kambu, nasa ciwon ya fi. Hukumomin da ke ba da kambu huɗu ne manya. WBA ta ɗauki wannan suna cikin 1962, WBC aka kafa ta cikin 1963, IBF cikin 1983, WBO cikin 1988. Kowacce tana da nata jerin gwanaye, tana karɓar kuɗi a kan kowane damben kambu, tana kuma iya tuɓe mutum da takarda, ba tare da an taɓa jikinsa ba. Abin da ya sami Muhammad Ali ke nan. Ya buge Sonny Liston cikin 1964, cikin 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka karɓe kambunsa aka hana shi dambe fiye da shekara uku. Joe Frazier ya tattara kambun cikin 1970, duk da haka jama'a ba su natsu ba, sai ran 8 ga Maris 1971 da suka kara da Ali a New York, aka yi turmi 15, Frazier ya kai shi ƙasa a na ƙarshe, alƙalai suka ba shi. Daga nan George Foreman ya buge Frazier cikin 1973, Ali kuma ya komo ya buge Foreman a Kinshasa ran 30 ga Oktoba 1974, a turmi na takwas. Mu a ganinmu, tsakanin 1967 da 1971 duk wanda ya ce Ali ba sarki ba ne, takarda ya bi, bai bi ido ba.

Amma kada a ce mun ɗaure wa salsala gindi ba sharaɗi. Foreman ɗin nan ya sake cin sarauta cikin 1994 yana da shekara 45. Hukumomi suka karɓe kambunsa, ya ci gaba da zaɓen abokan karawa waɗanda ba su ne manyan lokacin ba, har cikin 1997 alƙalai suka ba Shannon Briggs nasara a kansa, hukuncin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Bisa ƙa'idar salsala Briggs ya zama sarkin duniya, alhali ga Lewis ga Evander Holyfield a fage, kowa ya san sun fi shi. Sai da Lewis ya buge shi cikin 1998 aka huta. Ashe salsala tana iya faɗawa hannun wanda ba shi ne gwani ba.

Gardamar Joshua da Fury kuwa wani ne can ya kashe ta. Fury ya yi shekara biyu da rabi ba ya dambe bayan 2015, kambunan suka watse, Joshua ya tsince uku. Oleksandr Usyk na Yukren ya buge Joshua cikin 2021 da 2022, sa'an nan ya buge Fury a Riyad ran 18 ga Mayu 2024, ya maimaita cikin Disamba. A damben Mayu nan ne kambu huɗu da salsala suka haɗu a hannu guda. Bayan 'yan makonni kaɗan na IBF ya fita hannunsa ba da faɗa ba, ya koma wurin Daniel Dubois, sai da Usyk ya bi shi Landan ya buge shi cikin Yuli 2025 ya maido.

Muna cikin wannan bayani wani dattijo mahauci da ya kawo tsire bakin makaranta ya ce, “Ranka ya daɗe, ai duk wannan mun riga Turawa saninsa.” Gaskiyarsa kuwa. A dambenmu ba a ƙirga maki, turmi uku ne, in hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, in ba haka ba a raba. Babu wanda zai zauna a ofis ya kashe ɗan dambe da alƙalami. Har wa yau muna da wata salsala wadda Turawa ba su da ita, ta suna. In ka ji Shagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, an gaya maka gidan da yaro ya fito da ubangidan da ya ɗaura masa zare. A manyan gidajen dambe irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, kowa da ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada.

Sai muka tambayi dattijon, kafin bahagon wa ke da filin? Ya faɗi suna. Kafin shi fa? Ya faɗa. Da muka kai na huɗu sai ya tsaya, wani ya kawo wani suna, aka koma musu. A nan ne Turawa suka tsere mana. Ɗan makaranta a Ingila yana iya gaya maka rana da gari da turmin da Johnson ya buge Jeffries, shekara ɗari da goma sha da suka wuce. Mu kuwa Shago, wanda sunansa ya game ƙasar Hausa, yawancin abin da muka sani game da shi daga bakin Ɗan Anace ne. Makaɗi kuwa ba alƙali ba ne, aikinsa ya ɗaga nasa, ba zai tsaya ƙirga maka ranar da aka kai gwaninsa ƙasa ba. Har yau dattawa suna musu a kan Shago da Ɗandunawa, kowa da abin da ya ji. Zamanin En'e an rubuta haraji gida gida, an rubuta jangali har saniya guda, amma ba a ga akawun da ya buɗe littafi domin dambe ba. Watakila an ga abin mahauta ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. In haka ne an yi kuskure.

Ga abin da muka gaya wa malaman. Bahago ba a kashe shi ba, saboda haka yana da hakkin a ba shi karawa kafin kowa, saurayin ba shi da ikon kauce masa. Amma shekara biyu da ya yi a Ikko ba a fage ya yi su ba, ba zai zauna a inuwa ya ce a kira shi sarki ba. Saurayin ya riƙe filin har ran da za su sa zare. In bahago ya ƙi shiga a kakar bana, maganarsa ta ƙare, a ƙulla igiya daga kan saurayin kamar yadda aka ƙulla bayan Marciano. Muka ce su kai wannan shawara gaban Sarkin Fawa da dagatan ƙauyukan biyu, gama su ke da ikon tsai da rana, ba mu ba. Malami na ɗaya bai gamsu sarai ba, ya ce mun fi karkata ga abokinsa, kuma ba mu musa masa ba.

Kafin mu tashi muka roƙi hedimasta ya ware littafin rubutu guda mai shafi arba'in, a ja masa layi biyar: rana, fili, sunayen waɗanda suka kara da na iyayen gidansu, turmin da aka yi kisa ko aka raba, da sunan wanda ya raba. Yaran aji shida su riƙa cika shi, ɗaya daga kowane ƙauye, su sa hannu tare. Ɗalibanmu na kwalejin horon malamai waɗanda za su fita koyarwar gwaji a zangon gaba za mu ba su wannan aiki a garuruwan da aka tura su, su kuma zauna da dattawan mahauta su rubuta abin da suka tuna, har wurin da suka saɓa wa juna. Magatakardan hakimai da na dagatai da ke da niyyar yin haka a ƙasarsu su rubuto mana, za mu aika musu da samfurin shafin. Na Zakirai an riga an ja masa layi, shafin farko an bar shi domin bahago da saurayin, in an gama girbin dawa.