Garin neman gira: Yadda tsafta ta kashe mini kifaye

Wata Asabar na kwashe kifayen ado shida da na saya wa yarana, na zuba su a bokiti, na wanke akwatin gilashinsu tas da sabulu, na cika shi da ruwan famfo, sannan na mayar da su. Kafin wayewar gari huɗu sun mutu. Garin neman gira na rasa ido. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni abin da ya kashe su, na rasa amsa, domin a ganina ruwan ya fi na da kyau nesa ba kusa ba.

Daga baya na fahimci cewa ruwan da ya yi garau a ido yana iya zama guba ga kifi. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da sinadarin amoniya, wanda ke ƙona sashen jikin da kifi ke numfashi da shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata da cikin tsakuwa, su ke mayar da amoniya zuwa nitirayit, daga nan zuwa nitiret mai sauƙin illa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ni kuwa a rana ɗaya na hallaka su, na kuma ƙara da kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta.

Saboda haka, mai karatu, sirrin shi ne kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Kowane mako ka zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa don fitar da dauɗa. Sabon ruwan ka ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa. Ajiye ruwa a buɗe na kwana guda yana rage kulorin, amma ba ya kawar da kuloramin. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan zo da ƙarancin iskar shaƙa, don haka a bar shi ya sha iska. A tabbata ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin, musamman da hunturu. Soson matata kuwa a cikin tsohon ruwan da aka zuƙe ake ɗauraye shi. Sabulu kada ya kusanci wurin.

Da bazara ruwa kan ragu saboda zafi, mutum ya cike gurbin ya ɗauka ya canza. Ba haka ba ne, domin ruwa kaɗai ke tashi, nitiret na nan yana taruwa.

Kifaye biyun da suka tsira suna nan da ransu. Duk Asabar 'yar tawa ce ke riƙe bokiti, ni ina riƙe da tiyo, kuma aikin bai wuce minti 15 ba. Wanda ya tsare rai a cikin gilashi ya ɗauki amana, tunda kifin ba shi da wani rafi da zai gudu.