Wasan Golf: Daga Rairayin Sikotilan Zuwa Hamadar Dubai

Wanda ya ga filayen golf na Dubai, kore shar a tsakiyar hamada, zai ɗauka wasan attajirai ne tun fil azal. Asalinsa kuwa ba haka yake ba.

A ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, akwai wani irin fili mai rairayi tsakanin gonaki da bakin teku. Ba ya nomuwa, saboda haka aka bar shi na kowa da kowa: tumaki suna kiwo, mata suna shanya, masunta da maƙera da ɗalibai kuma suna buga ƙwallo da sanda zuwa rami. Wasan ya shiga ran jama'a har a shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi tare da ƙwallon ƙafa, wai yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin kibiya, alhali ana zaman doya da manja da Ingila. An maimaita dokar a 1471 da 1491, alamar ba a bi ta ba ke nan. Abin dariya, a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan golf, a hannun mai yin baka kuwa! A 1552 babban limamin cocin St Andrews ya ba da takarda yana tabbatar wa mutanen garin haƙƙinsu na yin wasa a filin, shi kuma ya riƙa kiwon zomaye a gefe. Rubutattun ƙa'idoji ba su zo ba sai 1744, a Leith.

To, a Dubai ma da rairayi aka fara. Kulob ɗin da Turawa mazauna garin suka buɗe a 1971 ba shi da ciyawa ko ɗaya. Yashi ake kwaɓawa da mai a daddaɓe kewayen rami, ɗan wasa kuma yana yawo da guntun ciyawar roba, ya shimfiɗa ya ɗora ƙwallonsa ya buga.

A 1988 ne aka buɗe Emirates Golf Club, filin ciyawa na farko a Dubai, gininsa mai siffar tantunan Larabawan ƙauye. Shekara guda bayan haka aka fara gasar Dubai Desert Classic, Mark James na Ingila ya lashe.

Amma fa ciyawar da ruwan sama ya ba Sikotilan kyauta, a Dubai saye ake yi. Damina ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ban ruwa dare da rana, galibi da ruwan ƙazantar gari da aka tace. Kuɗin wannan hidima kuwa a kan ɗan wasa yake faɗawa, shi ya sa aka kewaye filayen da shinge. A ganina nan ne bambancin yake. Tsohon filin St Andrews har gobe na jama'a ne, yawancin ranakun Lahadi ma ba a wasa a cikinsa, mutanen gari ne suke fitowa shan iska da 'ya'yansu.