Ina Takin Ya Tafi? Shirin Musamman Daga Bakin Tafkin Kainji

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga manoman shinkafa da albasa na ƙasar Yauri, tun daga Yelwa zuwa Wara ta Ngaski, har Shanga da ƙauyukan Gungawa da ke jere a bakin ruwa. Sannunku da aiki.

Akwai koken da ba ya ƙarewa a fadamun wannan yanki. Manomi ya ci bashi ya sayi buhun yuriya, ya watsa, shinkafa ta yi kore shar, amma kafin wata ya zagayo ganye ya koma ruwan ɗorawa. Nan da nan sai a ce takin jabu ne. Ana samun jabu a kasuwa, ba mu musa ba. Sai dai sau da yawa takin na gaske ne, barin gonar ya yi. Yau za mu bi sawunsa.

Abin da shuka ke nema a cikin yuriya shi ne sinadarin naitirojin, kuma kashi 46 cikin ɗari na buhun shi ne. Da zarar ƙwayar takin ta sami laima, cikin 'yan kwanaki sai ta narke ta zama amoniyam. Shi amoniyam yana maƙale wa laka da ruɓaɓɓen ganye, ruwa ba ya saurin kwashe shi. To amma a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda amoniyam ne abincinsu. Wani rukuni, irin su Nitrosomonas, ya juya shi zuwa naitirayit. Wani rukunin, irin su Nitrobacter, ya karɓa ya mayar da shi naitiret. Wannan juyi shi masana ke kira naitirifikeshan. Abin da waɗannan halittu ke so shi ne iska da laima da ɗumi, kuma ƙasarmu ba ta rasa ɗumi, shi ya sa aikin ke kammala a nan cikin 'yan makonni.

Shuka na shan naitiret, har ma masara da albasa na son sa. Matsalar ita ce ba ya kama ƙasa. Amoniyam akuya ce ɗaure a turke, naitiret kuwa an kwance mata igiya: duk inda ruwa ya nufa, nan ta nufa.

Abin sha'awa, ba a gona aka fara gano wannan sirri ba, a ƙazamin ruwan birni ne. A shekarar 1877 wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Schloesing da Müntz, suka riƙa zuba ruwan kwata ta cikin dogon bututu cike da yashi da farar ƙasa. Sai da aka yi kusan kwana 20 kafin amoniyam ɗin da ke shiga ta sama ya fara fitowa ta ƙasa a matsayin naitiret. Da suka busa sinadarin kulorofom a ciki, aikin ya tsaya cik. Nan suka gane cewa masu rai ne ke yin sa. A 1890 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana irin halittun.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo fadamar shinkafa, domin a nan asarar ta fi ciwo. Idan ruwa ya kwanta a gona, laka takan rabu gida biyu. Akwai siririn ɓawo a sama wanda iska ke isa gare shi, sai kuma baƙar laka a ƙarƙashi wadda ba ta samun iska ko kaɗan. Takin da aka watsa a kan ruwa, wani kasonsa yakan tashi sama a matsayin iskar amoniya tun a kwanakin farko. Wanda ya sauka a kan ɓawon nan sai a juya shi zuwa naitiret, ya silale cikin baƙar laka, inda wasu halittun daban, da ke neman abin shaƙa, suke farfasa shi ya zama iska ya bar gonar. Binciken da aka yi a ƙasashe masu noman shinkafa ya nuna cewa da irin wannan watsi, abin da shuka ke samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ke nan a buhu uku, biyu sun tafi a banza.

Bakin Kainji yana da nasa ƙarin dalili. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da tsofaffin gonakin Gungawa, rayuwar manomin nan ta koma bin hawa da saukar tafki. Farin ruwa mai ɗauke da laka yana zuwa da damina, baƙin ruwa daga tsaunukan Gini yana isowa da hunturu, sa'an nan tafki ya ja baya ya bar fili. Duk lokacin da laka ta bushe iska ta shiga, naitiret na taruwa. Duk lokacin da ruwa ya sake rufe ta, ya salwanta. Haka ma fangalin shinkafa da ake bari ya bushe ƙayau, sa'an nan a cika shi maƙil jim kaɗan bayan an zuba taki.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a binne. Idan yuriya ta shiga cikin baƙar laka, zurfin ɗan yatsa, wato santimita 7 zuwa 10, ta kuɓuta daga masu juya ta, domin babu iska a can, sai ta zauna a amoniyam, wanda shinkafa ke sha da kyau. Wannan ne tushen dunƙulen yuriya da cibiyar taki ta IFDC ta yaɗa a Bangaladash, ta kuma kawo Najeriya: dunƙule ɗaya a tsakiyar gindi huɗu, kamar mako guda bayan dashe. Yana cin ƙwadago, kuma sai an yi dashe a layi. Wanda bai sami dunƙule ba, ya raba takinsa kashi biyu ko uku, ya rage ruwa kafin ya zuba, ya tattake shi cikin laka.

Mai albasa, kai naka ya bambanta. Saiwar albasa gajera ce, ƙasar kuma mai yashi, ga ban ruwa a kai a kai. Kowane ban ruwa da ya wuce kima yana tura naitiret ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Kaɗan-kaɗan ya fi, kuma a tsaya da wuri, domin albasar da ta sha yuriya a ƙurarren lokaci wuyanta kan yi kauri, ba ta jure ajiya. A riƙa haɗawa da takin gida, saboda juyin amoniyam zuwa naitiret yana sa ƙasa tsami a hankali, abin da gwajin taki na Samaru ta Zariya, wanda aka fara tun 1950, ya daɗe da nunawa.

Akwai kuma taimako a ƙofar gida. Man 'ya'yan dogon yaro yana rage wa halittun nan masu juya amoniyam sauri, har ƙasar Indiya ta wajabta shafa shi a kan yuriya tun 2015. Masana sun kuma gano cewa saiwar dawa tana fitar da wani sinadari mai irin wannan aiki. Sai dai duk waɗannan dabaru sai an koya wa manomi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015, aka raba taki da iri da injinan ban ruwa. A ganina, jihar da ta yi wannan suna da shinkafa ya kamata malamin gona ya biyo bayan kowace motar taki, ya shiga laka tare da manomi ya nuna masa. Bayar da buhu ba tare da wannan ilimi ba, ƙara wa talaka bashi ne.

(Gajeren kiɗa)

Kada kuma mu ɗauki halittun nan abokan gaba. Mai kiwon kifi a tanki da su ya dogara, domin kifi na fitar da amoniya mai guba, naitirayit ma guba ne, sai an kai ga naitiret kifi ke samun sauƙi. Matatun ƙazamin ruwa, irin ta Wupa a Abuja, iska suke hurawa dare da rana don waɗannan halittu su yi aiki kafin a saki ruwa cikin rafi.

Mu a garuruwan bakin tafki, masai da kwata muke da su. Abin da ya kwarara cikin ruwa, haɗe da takin gonaki, yana ciyar da kainuwar da ke naɗe ragar Sarkawa tana tare hanyar jirgi. Wanda ya nutse ƙasa kuwa rijiya yake nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata, musamman 'yan ƙasa da wata shida. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Iyaye mata, jariri ya tsaya a kan nono zalla har wata shida. Magidanta, idan za a haƙa rijiya, a nisanta ta da masai da turken dabbobi, kuma ta kasance ta sama da su a gangare.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)