An Taɓa Sauke Injinta? Yadda Babban Gyara Ke Shafar Kuɗin Mota, Da Abin Da Wayarka Za Ta Gano Maka

Duk wanda ke leƙa tallan motoci a Jiji ko Facebook Marketplace ya saba ganin jimlar da masu sayarwa ke tinƙaho da ita: ba a taɓa kwance injin ba. Da zarar an ce an taɓa sauke shi kuwa, sai mai saye ya ja baya, dillali ya fara zaftare kuɗi. Motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, fenti ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya tsada saboda wannan kalma kawai.

Dalilin a fili yake. Mai saye ba ya iya ganin cikin inji. Bai san wane bakanike ne ya yi aikin ba, bai san ko kayan asali aka saka ko jabu ba, bai kuma san abin da ya jawo lalacewar tun farko ba. Kuɗin da yake ragewa na wannan rashin tabbas ne. Mai motar da zai iya nuna hujjar aikin da aka yi ya fi samun ciniki mai kyau, kuma a yau hujjar tana iya zama a cikin wayar hannu.

Gyara iri-iri ne

Canza gasket ɗin saman inji yawanci alama ce cewa motar ta taɓa yin zafi fiye da kima. Idan ba a gyara tushen matsalar ba, lagireto ne ko famfon ruwa ko fanka, za ta sake dawowa. Sai aikin ringi da metal, inda ake kwance injin gaba ɗaya. Ingancinsa ya dogara ga hannun bakanike da kayan da aka saya. Na uku shi ne ɗora wani injin Beljiyam, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Masu saye da yawa sun fi yarda da shi a kan injin da aka kwance, sai dai babu mai iya tabbatar maka da tafiyar da ya yi kafin ya iso. Kilomitan da ke kan allon motar na jikinta ne, ba ya canzawa don an canza inji.

Akwai kuma lokacin da gyara ke zama alheri. Toyota Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, mai injin 2AZ-FE, ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringi. Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka, maganinta kuma shi ne canza waɗannan sassa. Irin wannan motar da aka yi wa aikin yadda ya kamata ta fi wadda ba a taɓa ba amma take shanye mai a ɓoye.

Idan kai ne mai saye

Ka nemi ƙaramar na'urar ELM327, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Ana soka ta a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙasan sitiyari, wato OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da ita, haka ma motocin fetur na Turai daga 2001. Da manhaja irin su Torque ko Car Scanner za ka ga lambobin matsala. P0300 na nufin injin na tsallake wuta, P0301 kuma na nuna silinda ta ɗaya ce ke yi.

Mai wayo zai iya goge lambobin kafin ka zo, amma gogewar na barin sawu. Kwamfutar motar tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma duk suna komawa matsayin ba a kammala ba idan aka goge ko aka cire batir. Ka ga haka, ka nemi a yi doguwar tafiya da motar, sannan ka sake dubawa. Ka kuma sa ido kan zafin ruwan inji a manhajar lokacin da motar ke tsaye a kunne.

Sai lambar VIN mai haruffa da lambobi 17. Rahoton Carfax na kuɗi ne, yana nuna tarihin motar a ƙasashe irin su Amurka da Kanada, aikin da aka yi mata bayan ta sauka a Kwatano ko Legas ba zai fito ba. Sanya lambar a Google ma kan fito da hotunan gwanjon Copart, idan ta nan ta biyo.

Waya ba ta maye gurbin bakanike. Ka zo da naka ya auna matsin silinda, ya duba ko baƙin mai ya gauraya da ruwa, ya kalli hayaƙin salansa da safe kafin inji ya ɗumama. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar ƙona mai ce.

Idan kai ne mai sayarwa

Ranar da za a sauke injin ka fara tara hujja. Ka ɗauki hoton allon kilomita, bidiyon sassan da aka cire, kwalayen sababbin kaya da rasit, ka adana su a Google Drive don kada su ɓace tare da waya. Idan inji ka canza, ka ɗauki hoton lambarsa, ka je ofishin lasisin motoci a daidaita takardu, domin lambar da ta saɓa da takarda na korar mai saye, tana kuma jawo tambayoyi a hanya.

Kada ka ɓoye gyaran. Mai sayen da ya gano da kansa zai yi zargin akwai sauran abin da ka rufe, ya rage kuɗi fiye da wanda ka faɗa wa gaskiya tun a tallar. Da wuya kuɗin babban gyara ya dawo maka dukansa a wurin sayarwa, amma hotuna da rasit za su hana a saye motarka a farashin wadda injinta ya buga.